Tufke dogon gashi da tsinken cin abinci: tambayoyin da matan Maradi suka fi yi mini

Ni mai kitso ce, a tsakar gida nake aikina nan Maradi, kuma duk kan da ya zo gabana da kibiya nake fara taɓa shi. Shi ya sa ranar da ɗiyar ƙanwata ta nuna mini a wayarta yadda wata mata ta naɗe gashinta ta soke shi da tsinken cin abinci irin na Sinawa, babu ribom babu fil, ban yi wani mamaki ba. Mu ma idan tsifa ta yi nisa aka kira sallah, tattare abin da aka tsefe muke yi, mu soka kibiya a ciki mu miƙe. Sai dai namu na ɗan lokaci ne, nasu kuwa wuni yake yi. Na zauna na koya a kaina, na gwada a kawunan ƴan gidanmu, har hannuna ya faɗa. Tun daga nan mata ke ta yi mini tambayoyi, ga amsoshinsu.

Da gaske tsinke ɗaya zai riƙe gashi ba tare da roba ba?

Zai riƙe, muddin ya ratsa wuri uku. Ki tuna sakatar ƙofa: ba ƙarfinta ke tsare ƙofa ba, shigarta cikin kafa bayan kafa ne. Tsinken ma haka. Ya kama gefen naɗin gashin, ya nutsa ya ɗebo gashin da ke kwance jikin fatar kai, sannan ya fito ta ɗaya gefen naɗin. Wancan na tsakiya, wato gashin da ke manne da kai, shi ne ginshiƙin abin. Mafi yawan waɗanda ke ce mini sun gwada ya ƙi, idan na duba sai in tarar tsinken cikin dunƙulen gashin kawai suka soka, bai taɓa gashin kai ba. To me zai riƙe? Dunƙulen da tsinken tare za su zame su sauko.

Ki koya mini daki-daki, kamar ina zaune gabanki.

To, ƴar'uwa, fara taje gashin har mataji ya riƙa wucewa ba sarƙa. Ki tattara shi duka a ƙeya da hannu ɗaya, kamar za ki sa ribom, amma kar ki sa. Sai ki murɗa jelar tun daga gindi har baki, gefe ɗaya kawai, kamar mai tufka igiya. Idan murɗin ya kai, za ki ji gashin da kansa yana son ya lanƙwashe. Ki bi shi. Ki naɗe shi kewaye da gindinsa irin naɗin gammo, zagaye na biyu ya kwanta ƙarƙashin na farko, ba bisansa ba, bakin jelar kuma ki cusa shi can ƙasa ya ɓace.

Yanzu hannun hagu na dafe da gammon, tsinke na hannun dama. Nan ne wurin da kowa ke ɓata. Kar ki nufi tsakiyar gammon kai tsaye. Ki soka bakin tsinken a gefen dama na gammon, yana kallon waje, wajen kunnenki na dama, ya ɗauki gashi kaurin ɗan yatsa. Daga nan ki kifar da tsinken, gindinsa ya koma dama, bakinsa ya juyo yana kallon hagu. Wannan juyin shi ke ɗaure gashin, za ki ji ya ɗan ja. Sai ki tura shi a hankali yana shafar fatar kai, ba yana karce ta ba, ya bi ta ƙarƙashin gammon, ya ɓullo ta gefen hagu bayan ya sake kama gashin gammon kafin ya fito. Saki hannunki. Girgiza kai. Idan ya tsaya, kin iya.

Rana ta farko ba za ki iya ba, kar ki yaudari kanki. Ni da nake sana'ar, tufka da warwara na yini ina yi, don yin abu a kan wani daban ne da yin sa a ƙeyarki inda ido ba ya gani. Madubi biyu na taimakawa, amma a ganina gara ki rufe ido ki bar yatsu su koya, don su ne za su riƙa yi kullum.

Gashina irin namu ne, mai cunkushewa. Ba na masu gashin siliki ba ne wannan abin?

Akasin haka ma. Mai gashi mai santsi ita ke shan wahala, don tsinken na sulluɓe mata. Namu da yake a murɗe yake tun daga tushe, kama tsinke yake yi kamar ƙarangiya a zane. Matsalarmu ɗaya ce, tsawo. Gashinmu idan ya sha ruwa ya bushe sai ya tsuke, mai gashi har kafaɗa ta ga kamar bai wuce kunne ba. Don haka a miƙar da shi tukuna. Ba sai an sa masa wuta ko man sassauta gashi ba. Ki yi manyan kalaba huɗu ko shida da dare, ko ki naɗe shi da zare irin yadda iyayenmu ke yi wa yara, da safe ki warware. Zai miƙe daidai yadda za a iya murɗa shi.

Gwajin tsawo kuwa mai sauƙi ne: idan kin murɗa jelar tana iya zagaye gindinta sau ɗaya da rabi, ya isa. Idan bai kai ba, ki raba gashin biyu ki yi ƙananan gammo biyu, ko ki tufke rabin sama kaɗai ki bar na ƙasa a kitse. Ko kuma ki yi haƙuri, gashi kusan santimita 1 yake ƙaruwa a wata, ba mai da zai sa ya yi gudu.

Kowane tsinken cin abinci zai yi?

A'a. Iri uku ne suka fi yawa, kuma ba ɗaya suke ba. Na Sin ya fi tsawo, yana kai santimita 25, bakinsa a dakushe. Na Japan ya fi gajarta, yana sirancewa har baki, shi ya fi shiga gashi ba gardama. Na Koriya ƙarfe ne, yawanci a faffaɗe, yana da nauyi da santsi, kuma ƙarfe a ranar Maradi ta watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba abin da za ki so ya jingina da wuyanki ba ne.

Akwai kuma na yarwa, wanda ke zuwa biyu manne a takarda sai an ɓalle. Wannan kar ki sa shi a kai yadda yake. Yana da sartse, kuma kowane ɗan sartse sai ya tsinka miki silin gashi wajen shiga da wajen fita.

Santimita 25 ya yi wa yawancin kawuna yawa. Abin da ake so, tsinken ya leƙo ta kowane gefen gammo kamar faɗin yatsu biyu. Ga yawancin mata wannan na nufin santimita 15 zuwa 18, ƙasa da taƙi ɗaya. Ki yanke daga gindi, ki fiƙe bakin kaɗan da abin fiƙe fensir, sannan ki dakusa tsinin, ki goge jikin duka da takardar gugar katako ta kafintoci har ya yi sumul. Ki gwada shi a tsohon gyale mai laushi: idan ya kama zare, zai kama gashi. A ƙarshe ki shafa masa ɗigon man kaɗe ki goge.

A ina zan same shi a Maradi?

Ki duba wajen masu kayan kwalliya da masu kwanuka a babbar kasuwa, musamman Litinin da Juma'a da kaya ke cika. Amma ni ban ga dalilin wahalar nema ba. Tsinke ne fa. Ki kai wa masassaƙi awo, ki ce ya fere miki daga itace mai tauri, aduwa ko kanya, kaurin fensir, baki a sirance. Aduwar da ake sassaƙa allo da ƙotar fartanya da ita ba gashinki ne zai karya ta ba. Wanda na fi so cikin nawa duka na kanya ne, ya sha mai har ya yi duhu yana ƙyalli.

Kafin ki samu, fensir da ba a fiƙe sosai ba yana yi, ƴan lakkol sun riga mu sani. Kibiyar tsifa ma tana yi idan ta katako ce mai kauri. Ta roba siririya lanƙwashewa take, ta ƙarfe kuma tsininta ya yi yawa. Tsinken tsire dai a bar wa mai nama abinsa.

Wai haka matan Sin ke yi, su ci abinci da tsinke su kuma soka shi a kai?

Ba haka ba ne, kuma gara a san wannan. Tsinken gashi daban, na abinci daban, ko sunansu ba ɗaya ba. Sinawa na kiran na abinci kuaizi, na gashi mai ƙafa ɗaya zan, mai ƙafa biyu chai. A Japan sunan na gashi kanzashi, kuma ya bunƙasa ƙwarai a zamanin Edo, tsakanin 1603 da 1868, inda ake yin sa da katako, azurfa da ƙoƙon kunkuru. A Koriya binyeo ake ce masa, matan aure ke soke gammon ƙeyarsu da shi. A tsohuwar al'adar Sin har biki ake yi wa yarinya idan ta kai shekara 15, a naɗe mata gashi a soka tsinke, alamar ta zama budurwa ta isa aure.

Saboda haka abu ne mai daraja a wurinsu, kuma da yawansu idan suka ga tsinken abinci a kan mace dariya yake ba su, wasu ma haushi. Ki ƙaddara baƙuwa ta zo Maradi ta ga ludayin fura ya burge ta, ta rataya a wuya ta tafi gidan biki. Ba laifi ta yi ba, amma sai an kalle ta. Wannan ma wani dalili ne da ya sa nake cewa a yanke shi, a gyara shi, ya tashi daga kayan kicin ya koma kayan kai.

Ina da kitso a kaina. Sai na tsefe?

Ko kaɗan. Kalaba ƙanana da duk kitson da ke da jela a baya sun fi gashin sake sauƙin tufkewa, don tsinken na samun kafofin da zai bi tsakanin kitso da kitso. Ki tattara jelolin ki murɗa su sako-sako, ba kamar sakakken gashi ba, ki naɗe. Wurin nutsawa, tsinken ya bi ta ƙarƙashin layin kitso ɗaya ko biyu na jikin kai. Kar ki huda tsakiyar kitson da ƙarfi, zai yi gashi-gashi ya tsufa da wuri. Shuku kuwa kamar don tsinke aka ƙirƙire shi, tunda ya riga ya tara jelar wuri ɗaya.

Masu ƙarin meshi su yi hattara da nauyi. Meshi mai tsawo har kugu idan aka naɗe shi ya zama tulu guda, tsinke ɗaya ba zai ɗauka ba, na gora ma karyewa zai yi. Biyu za a sa. Kuma kar a tufke sabon kitson da bai kwana uku ba, fatar kai ba ta gama hucewa daga jan farko ba.

Mu da ba ma fita sai da hijabi ko ɗankwali, ina amfaninsa?

Tambayar da ta fi kowace ma'ana ke nan. Na farko, cikin gida muke yin yawancin rayuwarmu, kuma wadda ta tsaya gaban murhu a watan Mayu da gashi kwance a wuya ta san darajar abin da zai ɗage shi cikin ƙiftawar ido. Na biyu, kwalliyar ɗaki ce, maigida ma ai yana da ido.

Ƙarƙashin lulluɓi kuma yana yiwuwa, da sharaɗi. Tsinken ya zama gajere, a kwance ba a tsaye ba, gammon kuma can ƙasa a ƙeya. Dogon tsinke na huda hijabi mai laushi, ko ya tokare shi ya fito kamar ƙaho. Ga masu ɗaurin ɗankwali, ƙaramin gammo a ƙeya na ba ɗaurin wurin zama, ba sai an nemi acuci ba.

Wasu kan kawo mini maganar hadisin nan na Sahihu Muslim da ya ambaci mata masu kawuna kamar tozon raƙuma. Ni ba malama ba ce, fatawa sai a je wa masu ita. Abin da nake yi a kaina shi ne, idan zan fita, gammona a ƙeya yake, kwance, ba ya tashi bisa kai.

Alwala fa?

Zare shi. A Malikiyya da muke bi kai duka ake shafa, daga goshi zuwa ƙeya, kuma dunƙule da tsinke a gicciye na tare hannu. Zarewa da mayarwa ba su kai wahalar kwance ribom ɗin da ya cukuikuye da gashi ba.

Ina da goyo. Akwai matsala?

Akwai, babba ma. Wannan da wuya ki ji shi a bakin matan waje masu koyarwa a waya. Ki duba inda fuskar yaron da ke bayanki take: daidai ƙeyarki. Ki ɗaga kai ko ki waiwaya da sauri, bakin tsinken yana saitin idonsa. Shi kansa yaron da ya fara miƙa hannu, abin da zai fara cafka ke nan, ya zare ya kai baki. Muddin akwai goyo a bayanki, babu tsinke a kanki. Ban yarda da a gajarta shi ko a dakusa shi ba, cire shi za ki yi.

Haka nan kar a sa wa ƙananan yara mata masu guje-guje. Ke ma idan za ki hau kabu-kabu ko ki cusa cikin adaidaita, ki zare ki jefa a jaka. Birki ɗaya ya isa.

Yana cin gashin goshi kamar roba?

Idan an yi shi daidai, ya fi roba sauƙi nesa ba kusa ba. Roba wuri ɗaya take shaƙewa kullum, har gashin ya karye a daidai nan. Tsinke kuwa raba nauyin yake yi. Amma abin da ke cinye gashin goshi da na gefen kunne ja ne, ko da me aka ja. Na ga mata da yawa da goshinsu ya ja baya saboda shekaru na matsattsen kitso, kuma idan abin ya daɗe tushen gashin mutuwa yake, ba man da zai dawo da shi. Don haka idan kin tufke kin ji girarki ta ɗaga, ko kai ya fara sara bayan awa ɗaya, ko ƙananan ƙuraje sun fito a bakin gashi, kin matse da yawa. Ki warware ki sake, wannan karon ki ɗebi gashi kaɗan kafin ki juya tsinken, don yawan abin da kika ɗiba shi ne yawan jan. Ki riƙa sauya wurin gammon ma, yau ƙeya, gobe ɗan sama, jibi gefe.

Nawa sai ya yi ta zamewa.

Ɗaya cikin uku ne. Ko tsinken bai kama gashin jikin kai ba, ko murɗin ya yi sako-sako, ko mai ya yi yawa. Na ukun ya fi faruwa da hunturu, lokacin da muke labta man kaɗe da man shanu don iska na busar da gashi har ya riƙa karyewa. Man na da kyau, amma ki shafa da dare, ki tufke da safe bayan gashi ya sha. Masu sa cebe irin na ƴan Cadi su ma su sani, tsinke mai fenti mai sheƙi ba ya zama a gashin da ya jiƙu da mai. Na katako tsura ya fi.

Zan iya tufkewa da na gama wanke kai?

Bari ya sha iska tukuna. Jiƙaƙƙen gashi ya fi rauni, kuma cikin gammo ba ya bushewa, sai ya yi wari, musamman da damina. Wadda ta wanke da karkashi kuma ta ɗauraye sosai, in ba haka ba yauƙin zai tunkuɗo tsinken waje.

Salo ɗaya ne kawai? Ina son na zuwa biki.

Da kin iya juyin nan, sauran duk ƴaƴansa ne. Mafi sauƙi, ƙara tsinke na biyu daga ɗaya gefen, su gicciye, ko su jeru kusa da juna. Wannan ya fi ƙarfi, kuma shi nake yi wa masu cikar gashi.

Akwai naɗin tsaye, wanda ake danganta wa Faransawa. Ki tattara gashin a ƙeya, ki murɗa shi kina ɗagawa sama har ya kwanta jikin kai kamar naɗaɗɗiyar tabarma a tsaye, ki lanƙwasa bakin ki cusa cikin naɗin. Tsinken daga sama zai shiga: ya kama leɓen naɗin, ki juya shi, ya gangara ƙasa yana bin fatar kai. Yana fito da wuya da ƴan kunne sosai, amma ya fi son gashin da aka miƙar da kyau.

Wanda na fi yi wa ƙawayen amarya shi ne na haɗi. In yi ƙananan kitso a gaba har tsakar kai, in bar na baya sake, in raba shi biyu in tufka kamar igiya, in naɗe a ƙeya, in soke da tsinke mai ɗan ado a gindi. Adon ma a gida muke yi: a huda gindin tsinken, a zura zare da duwatsu uku ko huɗu kalar anko. Kar dai adon ya yi nauyi, yana rinjayar tsinken ya zaro shi tsakiyar rawa.

Ana kwana da shi?

A'a. Ko ya karye ko ya soke ki.

Zan iya ara wa ƙawata?

Yadda ba kya son aron mataji, haka shi ma. Makero da ƙwarƙwata ta kayan kai suke yawo, kuma katako na riƙe maiƙo da dattin kai. Nawa na wurin aiki, duk wanda ya taɓa kan wata sai na wanke shi da sabulu, na shanya a inuwa, na sake shafa masa mai. Kar a jiƙa na katako cikin ruwa ya daɗe, kumbura yake ya tsage, tsagar kuma ta koma cin gashi.

Wajen cirewa yana fizgar mini gashi. Me nake yi ba daidai ba?

Kina ja ne gammon na rataye a jikinsa. Ki tallafe gammon da hannu ɗaya ki ɗan ɗaga shi sama, nauyin ya sauka daga kan tsinken, sannan ki zare shi ta hanyar da ya shiga kina ɗan murza shi tsakanin yatsu. Idan duk da haka yana fitowa da silin gashi, ki shafa shi a leɓenki na ƙasa, nan ne za ki ji kaushin da yatsa bai ji ba. Ki goge wurin, ko ki mayar wa masassaƙin ya sake bi.